Makullin Ƙafar Hagu

Ni ba direba ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma shekara ashirin da biyu na yi ina auren direban a-kori-kura, Allah ya ji ƙansa, kuma akwai abin da ya sha nanata mini. Motar da ke ja da ƙafa huɗu, tayoyinta na gaba zaman banza suke yi har sai ka sauka ka kulle su. A tsakiyar kowace taya akwai ɗan murfi mai kunne. Ka murɗa shi ya ce ƙat, haƙoran ciki su kama sandar da ke kawo ƙarfin inji. Kuma dole sai biyun. In ɗaya ya kullu ɗaya na sake, duk ƙarfin ta sakakken yake zurarewa.

Surukina, mijin 'yata Auta, bai san wannan ba. Wata uku da sayen tasa a-kori-kurar mai ja da ƙafa huɗu, iyakar abin da ya iya goge gilashi da kaɗa makulli a yatsa.

Da la'asar naƙuda ta kama Auta. Na ce mu bi titi zuwa asibiti, ya ce titi zagaye ne, zai yanke ta busasshen rafi, ai motarsa ko dutse hawa take. Na ƙyale shi don kunya. Har yau ina cizon yatsa.

Rana na faɗuwa muka kafe a tsakiyar yashi. Ya ja ƙaramar giya, ya danna totur kamar mai kashe kunama. Tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami, na gaba ko motsi. Na tambaye shi ko ya kulle ƙafafun. Ya waiwayo ya ce ai ƙofofi duk a kulle suke, Mama. Namiji guda, da gemu.

Na sauka. Ba tsuntsu, ba iska. Warin ƙonannen roba, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni irin na tsohuwar rijiya, alhali babu ɗigon ruwa a wurin.

Na tsuguna a ƙafar hagu, na murɗa. Ƙat. Na zagaya ta gaban mota zuwa ta dama, na murɗa. Ƙat.

Sai na ji wani ƙat ɗin, daga hagu.

Na koma. Murfin a buɗe, da sanyi kamar an tsamo shi daga randa. Na sake kullewa. Ban ko miƙe ba na ji na dama ya saki.

Sau uku muna haka. Auta na nishi a ciki. Mijinta ya ɗage gilashi har sama.

Na leƙa ƙarƙashin motar. A can ɗaya gefen, wani abu a tsugune. Ba ƙafa, sai hannu, dogo, yatsunsa a kan murfin.

"Ku tafi a ƙasa," muryar kamar ana zuba yashi a kwano. "Ku bar mana ta ciki."

Na so in yi addu'a, sai Bismilla kaɗai ke fita.

Na fizge ƙofar direba. Na gaya wa mijin Auta mutum biyu ake bukata, kowa ya dafe ɗaya, domin in haƙoran suka ɗauki nauyi ko ƙato ba ya iya murɗa su. Ya ce shi fa yana da hawan jini. A nan kunya ta ƙare. Na shaƙo wuyan rigarsa na jawo shi ƙasa.

"Auta, za ki iya?"

"'Yar direba ce ni, Mama," ta ce, tana jan jiki zuwa sitiyari.

Na danna hannunsa a kan murfin dama. Ni na koma hagu, inda abin yake.

Na murɗa. Wasu yatsu masu sanyi suka rufe nawa, suna mayarwa baya.

Na riƙe.

Ƙashin hannuna ya yi ƙara.

"Taka!" na yi wa Auta tsawa.

Motar ta girgiza, ƙafa huɗu suka ciji yashi. Mijin Auta ya riga ni faɗawa bodi, bai ko miƙo mini hannu ba. Na rataye a ƙarfen baya. Aka ja mayafina, na sake shi. Ban waiwaya ba.

Auta ta kai mu bakin asibiti da kanta, ta haihu kafin isha'i. Mace.

Shi kuwa gogan yana nan yana ba abokai labarin yadda ya fitar da mu da ƙwarewa. Murfin hagu bai sake buɗuwa ba, bakanike uku sun gwada sun haƙura.

Ba wannan ke hana ni sukuni ba. Jikata ce. In ta yi barci takan ɗaga hannun hagu, ta haɗa yatsu uku, tana murɗa iska a hankali. Baya take murɗawa, wajen buɗewa. Ni kuma sai in kama hannun in riƙe, har ta farka.