Bugu Uku a Mataccen Kunne

Da la'asar sakaliya Erlinda, matata, ta miƙo min kwalbar man kwakwa.

"Tashi ka je wurin tsohuwa Adelfa ta busa maka hayaƙin taba a kunnen nan. Na gaji da maimaita magana kamar ina kiran kurma. Jiya ma saura kaɗan ka kife cikin tukunyar kunun wabul."

Na karɓi kwalbar. Sati uku ke nan kunnena na hagu a toshe, kamar an cusa jiƙaƙƙiyar auduga, in na juya kai sai duniya ta juya da ni. Likitan birnin Puerto Lempira ya ce na taso daga ƙasan teku da sauri ne, can cikin kunnen ya ji rauni. Gaskiyarsa. Abin da bai sani ba shi ne wanda na baro a ƙasan.

Mu mutanen Kaukira da nutso muke ci, muna zaƙulo langosta, manyan jatan lande, da ƙugiyar ƙarfe. Ni da yayana Rodel muna da alama: a buga ƙugiya a jikin tukunyar iskar da muke goyawa. Bugu biyu, ina nan. Bugu uku, zo. Ran nan kunnena ya ɗauke, jiri ya kwashe ni, na yi sama a firgice. Na ji bugu uku a bayana. Na ji su sarai. Amma na gaya wa matarsa Mirna, na gaya wa duk gari, cewa ban ji komai ba. Ba a samu gawarsa ba.

Hanyar gidan tsohuwa gadar katako ce a kan ruwan fadama. Rana ta faɗi. Kwaɗi na ta kuka, warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye ya cika hanci.

Ina tsakiyar gadar kwaɗin suka yi tsit.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

A mataccen kunnen na ji shi.

Jiri ya taso, na durƙusa na riƙe katako. Warin roba da gishirin teku ya buge ni, alhali teku na can nesa. A gefena kumfa ke tasowa daga ruwa, tana tafiya a jere, yadda take yi idan mutum na numfashi a ƙasa.

"Auta..."

Shi kaɗai ke kirana haka.

"Auta, ka ji ni?"

Ƙarƙashin ruwan na ga gashi, dogo, yana shawagi. Tun muna yara ake ce mana Liwa, aljanar ruwa, ba ta yafe wa mai kwashe mata dabbobi. Fuskar mace ce, fara fat, sanye da gilashin nutson Rodel.

Na toshe hanci na hura, yadda muke yi in za mu sauka. Sai a lokacin na lura ruwa ya kai min ƙirji. Ban san lokacin da na bar gadar ba.

Yatsu masu sanyi suka kama rigata.

Ruwa ya kai wuya.

"Na ji, Yaya," na ce, ina kuka. "Ran nan na ji ka. Tsoro ne ya kama ni."

Ƙwas. Ƙwas.

Biyu.

Wani hannu, mai kanta, ya tallafi tafin ƙafata ya cilla ni sama, daidai yadda Rodel ke tura ni cikin kwalekwale tun ina ɗan shekara goma. Rigar ta yage. Na faɗa kan katako, kunnena ya yi ƙara, ruwa mai ɗumi ya tsiyayo ta wuyana. Kukan kwaɗi ya dawo ta kunnuwa biyu.

Washegari na je na gaya wa Mirna gaskiya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Da ka bar ni da ƙaryar, Wilfor," ta rufe ƙofa. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Jirin ya tafi, kunnen ya warke. Erlinda ta ce Allah ya taimaka. Ni kuwa kullum da faɗuwar rana ina zama a kan gadar nan, in toshe kunnen hagu da yatsa, in saurara. Ko bugu ɗaya ban sake ji ba.