Nonon Da Aka Yi Wa Ƙazafi

Durƙushe take a bakin ƙofar ɗakin baƙi, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da ruwan nono, hawaye na bin kumatunta har suna ɗiga a tayil. A cikin ɗakin jaririnta ne ke tsala kuka, ɗan sati uku da haihuwa, ƙofar kuwa an murza mata makulli ta ciki. Kwana na huɗu ke nan ba a bar Maijego ta ɗora ɗanta a cinya ba! Ta ƙwanƙwasa a hankali ta ce, "Yaya, don girman Allah ki buɗe... ko minti biyar ne ki bar ni in ba shi, yunwa yake ji."

"Ki ba shi me? Gubar?" Muryar yayar mijinta ta fito a kausashe. "Matsa min daga nan, ba za ki kashe mana ɗa muna kallo ba!"

Kai, duniya! In ka ji abin da ya jawo wa baiwar Allah wannan azaba, sai ka riƙe baki. Lokacin da take zuwa awon ciki, wata nas mai furfura ta zaunar da su masu ciki ta ce kada su wahalar da kansu da tarkace. Rigar nono biyu masu sauƙin buɗewa, 'yan ƙyallaye masu laushi na goge jiki, matashi ɗaya na tallafe yaro, da kofi mai murfi ko da za a tatsa, shi ke nan. Sauran Allah ya riga ya ajiye wa kowace uwa a ƙirjinta. Maijego marainiya ce, ba uwa ba uba, ba ta da wadda za ta tambaya, don haka ta riƙe maganar nas hannu bibbiyu, ta sayi abubuwan nan huɗu ta jera a kwando. To ita Yaya shagon kayan jarirai gare ta a bakin titi, kuma ita ta raini ƙanenta, mijin Maijego, tun yana ƙarami, maganarta a gidan ba a tsallake ta. Ranar da aka sallamo Maijego da jaririnta daga asibiti Yaya ta iso da mota shaƙe: kwalaben shayarwa da ake kira fida, gwangwanayen madara, injin tatsa, kai har da abin da ba ka san sunansa ba. Maijego ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta ce a hankali, "Yaya, a ajiye su tukuna har in buƙata ta taso, nono na isar sa." Wallahi iya abin da ta faɗa ke nan! Amma Yaya ta ƙullace ta tun daga ranar, wai yarinyar da ba ta gaji komai ba ta raina mata kaya.

Mijin direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Yana tafiya Yaya ta kwaso jakarta ta tare a gidan, wai ta zo taimako. Ba a jima ba yaro ya fara gudawa, ya sha ya amayar, ya kama ramewa. Nan fa Yaya ta sami abin da take nema. Ta kira ƙanenta a waya tana kukan ƙarya, ta ce nonon matarsa ba shi da kyau, ga rowa ta hana a ba yaro madara, in bai yi wani abu ba gawa zai tarar. Shi kuwa bawan Allah, hankali a tashe, ya ce a miƙa wa matarsa wayar. "Ki ba Yaya yaron," ya ce, "ta fi ki sanin yara. Kada ki sake ba shi nono sai na dawo." Da hannunta Maijego ta miƙa ɗanta.

Kwanakin nan huɗu, Allah kaɗai ya san abin da ta sha. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ta, ko riga ta taɓa wurin sai ta cije leɓe. Ta kan shiga banɗaki ta tatsa da hannu a kofinta yadda nas ta koya musu, ta tsaya tana kallon farin nonon, sannan ta juye shi a magudana tana kuka. Har ta fara zargin kanta... ko dai gaskiya ne? Ko ita ce ke cutar da ɗan da ta haifa? "Ya Allah," ta kan ce, "in laifina ne ka nuna min, in ba nawa ba ne ka fitar da ni, ba ni da kowa sai kai."

Tana nan durƙushe a bakin ƙofar da hantsin nan, sai kukan ya tsaya cak. Ta kasa kunne. Shiru! Ta miƙe ta shiga dukan ƙofar da hannu biyu tana ihu. Ana cikin haka aka turo ƙofar gida, mijin ne da jakarsa a kafaɗa, ya baro motar a hanya saboda ransa ya ƙi kwanciya. Da Yaya ta ji muryarsa ta buɗe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaron na kwance laƙwas, idanu sun zurma, leɓe ya bushe, maɗigarsa ta loɓa. Mijin ya sure shi ya yi waje ko takalmi bai tsaya gyarawa ba, Maijego da Yaya suka bi bayansa.

A asibiti aka sa wa yaro ƙarin ruwa nan take. Yaya kuwa bakinta bai mutu ba, ta tsaya tsakiyar ɗakin tana nuna Maijego da yatsa, tana gaya wa matan da ke jinya cewa ga wadda nononta ya kusa hallaka ɗanta. Nas mai furfurar nan ce ke aiki ranar. Da ta gama jin bayani daga bakin Maijego, ta dubi Yaya sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, kwana huɗu bai sha nonon ba, kuma ciwon ƙaruwa ya yi. Me kike ba shi?"

Da alfahari Yaya ta zaro fida da gwangwani daga jakarta. "Ga shi, mai tsada ce ma. Kullum sai na zuba ruwa na girgiza na ɗauraye."

Nas ta karɓi kwalbar, ta murɗe zoben bakin, ta sa babban yatsa ta turo robar da yaro ke tsotsa ta fito. Wani wari ya bugi ɗakin, matar gadon kusa ta toshe hanci. A ƙarƙashin zoben tsohuwar madara ce ta daskare, ta yi baƙi ƙirin da funfuna.

Yaya ta zaro ido. "Au... dama ana cirewa?"

Subhanallahi! Mace shekara da shekaru tana sayar wa iyaye fida, ba ta san ana kwance bakinta a wanke a tafasa ba! Nas ta juya gindin gwangwanin. An kankare ranar ƙarewar wa'adi da reza, amma shekarar ta fito ɓaro-ɓaro, madarar ta lalace tun bara. Kwantan shago ne Yaya ta kwaso ta kawo gidan ƙanenta da sunan kyauta.

"Tun yaushe kike ba shi wannan?" nas ta tambaya.

Yaya ta shiga in-ina. "Tun... tun yana kwana goma. In ta shiga wanka nakan ɗan ba shi, don ya yi ƙiba..."

Mijin ya juyo ya dube ta. "Yaya! Ke ce? Ke kika sa masa ciwon, sannan kika ɗora wa marainiyar Allah? Kika sa na hana uwa ɗanta da bakina?" Hawaye suka zubo masa. "Kin raine ni, ba zan zage ki ba. Amma ƙafarki kada ta sake taka gidana."

Nas ta ajiye gwangwanin a aljihun tebur ta ce hukuma za ta gan shi. Haka kuwa aka yi, kafin sati ya zagayo an kwashe kayan shagon kaf an garƙame shi, matan unguwa da suka sha sayayya a wurinta suka daina ko amsa mata sallama. Yaya ta fita daga ɗakin ranar mayafi na jan ƙasa, ba wanda ya dube ta.

Maijego ba ta ma ga fitar ta ba, idonta na kan ɗanta. Da la'asar ya buɗe ido, nas ta ɗauko shi ta ɗora mata a cinya. "Tatsar da kika yi ta yi ce ta hana nonon ƙafewa, 'yata. Ba shi."

"Ba zai cutar da shi ba?" Maijego ta tambaya.

"Shi ne maganinsa."

Ta kai masa. Yaron ya kau da kai. Ta sake kaiwa, ya sake kaucewa yana ɗan kuka mara ƙarfi, ya saba da roba ya manta uwarsa. Maijego ta fashe da kuka. "Ya ƙi ni... wayyo Allah, ɗana ya ƙi ni!" Mijin ya durƙusa a gaban gadon yana cewa ta yafe masa, ita ko jin sa ba ta yi. Nas ta matso ɗigo ɗaya ta shafa a leɓen yaron. Masu jinya duk suka miƙo wuya. Ya lasa... ya sake lasa... sai ya wangale ɗan bakinsa ya cafke.

Ƙwat... ƙwat... har gadon ƙarshe ana jin haɗiyarsa. Matan ɗakin suka ɗauki hamdala, wata tsohuwa na share ido da bakin zane. Maijego ta sunkuya ta kai bakinta kunnen ɗanta.

"Sha, ɗana," ta ce, hawaye na sauka a goshinsa. "Sha ka ƙoshi. Naka ne, kuma lafiyarsa ƙalau."