Mutumin Da Ya Tara Haƙuri A Rumbu

A wani zamani can, an yi wani mutum mai saurin fushi da gajeren tunani. Mutanen gari suka gaji, suka ce in ya sake faɗa da wani, ya bar musu garinsu.

Ya kai kuka wurin gwaggonsa. Ta ce, "Kullum ka yi tunani kaɗan, ka yi haƙuri kaɗan, ka yi addu'a kaɗan."

Ya ce, "Kullum kullum, Gwaggo? Ai gara in yi na shekara a yini guda."

Ya shiga rumbu, ya yi tunanin shekara, ya yi haƙurin shekara, ya yi addu'ar shekara, ya fito ya liƙe bakin rumbun da laka.

Ana nan, sai akuyar maƙwabci ta cinye masa hula. Ya ce, "Maƙwabci, tsaya in ɗebo haƙuri." Ya fasa rumbu, ya tarar gara ta cinye haƙurin tas, ta haɗa da tunanin. Ya dawo ya mari maƙwabci, ya mari akuya.

Yana fita gari da kayansa a ka, gwaggo tana shara a ƙofar gida. Ta ce, "Matsa, ɗan nan, in share. Jiya ma na share."