Muryar da Habibullah Yake Ji

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a suka shiga shagon wayoyin Boniface, a wani lungu bayan Kasuwar Sabon Gari. Su uku ne. Ilu direba ya tsaya a bakin ƙofa da ƙaramar bindiga a cikin riga, motarsu tana kunne a waje. Khalifa ya haye kanta yana kwashe kwalaye cikin buhu. Shugabansu Habibullah kuwa yana tsakiyar shagon cikin farar jallabiya, bindiga a dama, carbi a hagu.

Boniface bai yi gardama ba. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa tas. Ya ce su ɗebi abin da suke so, ya kwanta rub da ciki, ya jawo matarsa Nkechi ta durƙusa kusa da shi, don tsohon cikin da take ɗauke da shi ya hana ta kwanciya.

Aiki na biyar ke nan, kuma ba su taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. Abin da ya sa Ilu ya yarda da Habibullah ke nan. Shi Habibullah ɗan gidan malamai ne a Fagge, ya yi karatu mai zurfi kafin ƙwaya ta taɓa masa kai, mahaifinsa ya kore shi. Ya ɓace shekara biyu, ya dawo yana cewa akwai wata murya da take yi masa magana bayan sallar asuba. Ita take nuna masa dukiyar da ta halatta a ƙwace, da ranar da za a fita. Ilu, wanda ya gaji da wahalar tuƙin haya a Kwaciri, ya ji daɗin samun sata mai haɗe da lada, bai tsaya bincike ba.

Buhu ya cika. Khalifa ya diro ya ce su ware.

Habibullah bai motsa ba. Ya karkata kai kamar wanda ake yi wa raɗa, leɓensa yana rawa. Can ya nuna cikin Nkechi da bakin bindiga.

"An ce abin da yake cikin nan ba mutum ba ne."

Boniface ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya shiga gaban matarsa, hannuwansa a sama. "Malam, don girman Allah. Shekara tara muna jiran yaron nan."

Ƙarar harbi ta cika shagon, gilashin kanta ya tarwatse. Boniface ya faɗa jikin matarsa, jini yana tsartuwa daga wuyansa. Habibullah ya sake ɗana kunama, bindigar ta cije. Ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce an ɗaga wa matar ƙafa zuwa wani lokaci.

Ilu bai san lokacin da ya kai mota ba. Sauran biyun suna faɗawa ciki ya fizge ta, ya ture teburin mai lemo, ya hau titi. Ihun ɓarayi ya tashi a bayansu, 'yan kasuwa suka biyo su da duwatsu. Kafin su kai Titin Ibrahim Taiwo, motar 'yan sanda ta ɓullo daga wata kwana da jiniya, ta manne musu.

A kujerar baya Khalifa yana ta zage-zage. Ya ce ba haka suka yi ba, an ce ba za a taɓa kowa ba, yanzu ga shi an ja musu igiya a wuya. Ya ce wannan ba wahayi ba ne, hauka ne, kuma da ma shi ya daɗe da sani.

Habibullah yana gyara bindigarsa a natse, har ta saki. Ya ce tun asuba aka gaya masa akwai munafuki a cikinsu, suna ne kawai ba a faɗa ba. Ya juya ta tsakanin kujeru ya harbe Khalifa a ƙirji — sau biyu.

Jini ya fantsama a madubin gaba. Ilu ya goge da hannun riga. Habibullah ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi ɗan'uwa na gaskiya, ya ce ya karya dama.

Ilu ya karya dama, sai ya ga an rufe hanya. Masallacin Juma'a ya cika ya tumbatsa, sahu ya fito har kan kwalta. Mutane sun fi ɗari uku a kan dardumai da kwalaye, sun yi ruku'u, bayansu ga motar. Ilu ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Taka," in ji Habibullah. "Za a buɗe mana."

"Malam, mutane ne. Salla suke yi."

"Na ce taka!"

Bakin bindigar ya taɓa haƙarƙarin Ilu, da sauran zafinsa. A sahun ƙarshe ya hango wani tsoho da ya kasa ruku'u, yana salla a kan kujerar roba. Ilu ya taka totur ɗin har ƙasa, sannan ya murɗe sitiyari gaba ɗaya zuwa hagu. Motar ta daki bakin lambatu, ta tashi, ta kife. Bindigar ta tashi, harsashin ya fasa wa Ilu cinya.

Ta tagar da ta fashe ya ga Habibullah ya rarrafo waje, jallabiyarsa ta rine. 'Yan sanda sun ja daga a bayan motarsu suna cewa ya ajiye makami. Ya miƙe ya nufe su da kabbara, yana cewa an yi masa alkawari ƙarfe ba zai ci shi ba. Taku huɗu ya yi, suka buɗe masa wuta. Liman bai kai ga sallama ba, Habibullah ya riga ya mutu a kan kwalta.

An yanke wa Ilu ƙafar a asibiti. Bayan wata takwas kotu ta yanke masa hukuncin rataya. A ranar, ana fito da shi yana dogara sanduna, Nkechi ta tare hanya da jaririya a goye. Gandirobobi suka so su janye ta, ta roƙe su minti ɗaya. Ba ta zage shi ba. Ta ce ta ji duk abin da ya faɗa wa alƙali game da muryar nan, abu ɗaya ne ya rage mata.

"Kai ka taɓa jin ta?"

Ilu ya girgiza kai.

"Ban taɓa ba."

Ta gyara goyonta, ta matsa gefe ta ba su hanya.