Daren da Sajan Gabriel Ya Ji Waƙa

"Ba za ki je ba!"

Sajan Gabriel ya daka tsawa har kajin gidan suka watse. Ba fushi kaɗai ba ne, haka muryarsa take. Tun da igwa ta tashi kusa da shi a bakin daga kunnuwansa suka toshe, shi kuwa gani yake duniya ce ta kurmance, sai ya yi ta ihu don a ji shi.

Gladys, autarsa, ta durƙusa ta kai baki saitin kunnensa na dama, mai ɗan sauran rai.

"Baba, aiki ne! Gidan rediyo suka tura ni, gobe zan yi sharhi!"

"Sharhin gurnanin shaiɗanu? Ki faɗa wa Haggai, in ya hau dandamalin nan, shekara shidan da ya yi yana mini golmo sun bi ruwa! Ya je ya auri jita!"

Golmo fa, noman da saurayi ke yi wa uban budurwa shekara bakwai kafin a ba shi ita. Gidaje da yawa sun bari, amma Sajan ya ce shi da fartanya ya sami Beatrice, marigayiya uwar Gladys, kuma da fartanya za a sami 'yarsa. Damina ɗaya ta rage wa Haggai. Ɗaya tak!

Bikin kuwa ya cika Zuru da magana. Kwana uku za a yi a gindin dutse, na wani kiɗa wai shi metal. Samari suka zo daga Legas da Abuja, kowa cikin baƙaƙen kaya, har matan kasuwa suka riƙa yi musu gaisuwar mutuwa.

Da rana ta faɗi, Gladys ta sulale tare da Bushira, abokiyar aikinta. Ƙungiyar farko ta hau. Ganga kamar ƙanƙara a kan kwano, jita kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa, matasa na ta kaɗa kai sai ka ce ƙadangaru sun ga rana.

"Rubuta," Bushira ta yi mata ihu a kunne, "ki ce mawaƙin ƙashin kifi ya maƙale masa!"

Gladys ba ta yi dariya ba. Ta zagaya bayan dandamali, ta iske Haggai zaune yana murza tafin hannunsa, mai kanta irin na manomi. Wannan fa shi ne mai zaƙin murya a mawaƙan coci, wanda tsofaffi ke sa wa albarka duk Lahadi!

"Hasken idona... kin zo?"

"Baba ya ce in ka hau, shi ke nan."

Ya fara cire igiyar jitar daga wuyansa.

"To ba zan hau ba. Shekara shida ina cin ƙurar gonarku, ba don masara ba ne."

"Wace waƙa za ka yi?"

"Wadda kika koya mini a gindin ɗorawa. Ta Mama."

Sai ta ga abin kamar a mafarki: uwarta na tankaɗe tana rera waƙar da Sajan ya ƙaga mata a zamanin nasa golmon. Tun da aka binne ta ba a sake jin waƙar a gidan ba. Gladys ta mayar masa da igiyar da hannunta, hawaye na zuba.

"Hau, masoyi. A ji ta sau ɗaya da ƙarfi... in ya so komai ya faru."

Wa ya tsegunta wa Sajan? Oho! An dai ga wata tsohuwa maƙwabciya ta shiga gidan aron gishiri, ta fito ba gishiri. Sai ga shi ya ratso taro da sanda da tocila, kai tsaye ta gaban sifikokin nan masu girman rumbu, inda ko samari ba sa iya tsayawa.

Nan Haggai ya buɗe maƙogwaro. Ƙasa ta girgiza. Fitilu suka koma ja, hayaƙi ya taso yana lilo kamar hazon kan dutse bayan ruwa. A cikin gurnanin kuwa, ga waƙar nan tana tafe, ta saurayin da ke roƙon rana ta jinkirta faɗuwa don mai kawo masa ruwa ba ta iso ba.

Sajan ya tsaya cak. Sandar ta faɗi. Ya ɗora tafinsa a jikin sifikar kamar mai shafa bijimi.

Gladys ta rugo. "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne..."

"Ina ji!" Ya damƙi hannunta. "Gladys, ina ji! Shekara goma sha tara ban ji waƙa ba... Wa ya ba shi waƙata?"

"Mama ta ba ni, ni na ba shi!"

Ya lumshe ido, leɓɓansa na bin baitin, hawaye na bin gemunsa. Can kansa ya fara kaɗawa a hankali. Samari suka ga tsoho ya fi su iyawa, suka buɗe masa fili.

Washegari Gladys ta yi sharhinta. Ta ce ƙungiyar farko hayaniya ce zalla, ta biyu wuta ta ɗauke musu sau biyu, amma ta uku, ta su Haggai, ta sa kurma ya ji muryar matarsa. Daga nan muryarta ta karye, Bushira ta sako talla.

Da ta koma gida ta iske Haggai durƙushe a tsakar gida, fartanya a gabansa, Sajan na tsaye a kansa yana nasa sharhin, duk unguwa na saurare ta katanga.

"Mai gangarka gaggawa gare shi! Kuma baiti na uku ka ɓata shi, ba haka na yi wa Beatrice ba!"

"Zan gyara, Baba!"

"Me?"

"Zan gyara!"

"Tashi! Daminar da ta rage, jiya ka nome ta." Ya juya ga Gladys, wadda ta rufe fuska tana kuka tana dariya. "Amma ranar biki a kawo sifikar nan, a aje kujerata a jikinta. Ina so in ji lokacin da za ki ce kin yarda."