Mai Sayar da Iska

Ranar da Nuzha ta fara ganin Marwan, haushinsa ta ji kafin komai.

Bikin rufe zango ne na makarantar renon yaran da take koyarwa, a bakin tekun garin Sawira. Ita ta yi ruwa ta yi tsaki aka kawo gidan tsalle, katafaren nan na roba da ake hura wa iska. Yara sun yi layi, takalma a hannu, amma gidan na kwance a kan rairayi kamar jiƙaƙƙen bargo, mai shi kuwa ya duƙufa yana haƙa rami da shebur.

"Malam, tsalle muka ce, ba rijiya ba."

Ya ɗago. Dogo ne siriri, rairayi ya manne masa a gira, idanunsa kamar na wanda bai gama farkawa daga mafarki mai daɗi ba.

"Malama, rairayi ba ya riƙe turke. Ki kafa shi yanzu, anjima iska ta zare shi kamar tsinke. Sai na binne buhun yashi a kowace kusurwa, na ɗaura igiya a jikinsa."

"To yaushe za ka gama?"

"In kika riƙe min bakin buhun nan, da wuri."

Ta riƙe tana hararar sa, yana zuba yashi yana murmushi. Da ya kunna injin, gidan ya fara numfashi. Hasumiya ja ta miƙe, shuɗiya ta bi bayanta, har ya tsaya a gaban teku kamar fadar da aka gina da gajimare. Yara suka ruɗe da ihu. Nuzha ta waiga ta ga shi ba gidan yake kallo ba.

Ta yi saurin gyara mayafinta.

Lambarta dama tana wajensa saboda aiki. Sai aikin ya ƙare, saƙo bai ƙare ba.

"Malama Gaggawa, yau a filin ciyawa nake. Ƙasa mai laushi, na karkata turke baya na buga, ya shige kamar ya san gidansa. Amma wurin ba daɗi, ba wanda ya yi min faɗa."

Ta karanta ta kife wayar, ta sake ɗauka.

"Mai Turaku, ka ci abinci kuwa, ko iskar kake sha?"

Da yamma sukan zauna a kan ganuwar tsohon gari, da gasasshen kifin sardin a takarda, tsuntsayen teku na shawagi a kansu. Yana ba ta labarin yadda yake son wata rana ya samu fili nasa, mai ciyawa da inuwa, inda uwa za ta zauna ta sha shayi hankalinta kwance. Ita kuma tana jin muryarsa tana haɗuwa da ƙarar igiyar ruwa, har ta rasa wacce take saurara.

Wata rana ya rubuto: "Yau tsakar gidan wasu ne, duk tayil. Ba a buga komai. Na shimfiɗa tampol, na danne da buhuna da duron ruwa. Wani gidan ba a shigarsa da guduma, Gazalata, 'yar barewata, sai da lallashi. Naku wane iri ne?"

"Namu dutse ne. Sunansa Baba."

Ba ta yi ƙarya ba. Mahaifinta Rayis Buzid, wato kyaftin Buzid, ya tsufa yana jan jirgin kamun kifi, kuma ko da ya ajiye aiki, a gidansa umarni yake bayarwa kamar yana kan ruwa. Ranar Juma'a, suna zagaye da akushin kuskus, mahaifiyarta ta ɗauko maganar Marwan a hankali.

"Me yake yi?" ya tambaya.

Nuzha ta yi bayani, kanta a ƙasa.

"Au, mai sayar da iska." Ya ajiye cokali. "Ni na ƙare rayuwata ina gudun iska, ke kuma kin ɗauko min mai sayar da ita. Ga Jawad nan, ɗan aminina, da otal ɗinsa na dutse da siminti. Shi gidansa ba a naɗe shi a saka a mota."

Jawad ba mugu ba ne, sai dai mutum ne da bai saba a ce masa a'a ba. Da aka tashi bikin kaciyar ɗan yayan Nuzha, shi ya ba da farfajiyar otal ɗinsa mai kallon teku, kuma shi da kansa ya kira Marwan ya kawo gidan tsalle. So yake dangi su ga wane ne mai gida, wane ne ɗan aiki.

Nuzha kuwa murna ta yi. "Yau Baba zai gan ka, masoyi. Don Allah ka burge shi."

Tun safe Marwan yake wurin. Daɓen farfajiyar dutse ne, don haka ya ninka buhuna, ya ɗaure igiyoyi a ginshiƙai, ya bi kowane ƙulli yana ja. Biki ya yi armashi, ana kiɗa, ana zagayawa da shayin na'ana'a. Bayan la'asar sai Nuzha ta hango shi ya tsaya yana kallon kan itatuwan dabino. Ganyen na kaɗawa ya tsaya, ya sake kaɗawa da ƙarfi. Hasumiyar ja ta ɗan sunkuya ta miƙe.

Marwan ya shiga fito da yaran ɗaya bayan ɗaya. Da ya tabbatar ba kowa a ciki, ya kashe inji.

Gidan ya durƙushe a gaban baƙi. Yara suka fashe da kuka, yaron bikin ya fi kowa.

Jawad ya ƙaraso yana dariya. "Wannan 'yar iskar ce ta ba ka tsoro? A Sawira fa muke, garin iska, ɗan'uwa. Ko dai wurin ne ya tsone maka ido?"

"Tana zuwa tana ɗaukewa, Si Jawad. Irin ta buhu ba ya isarta. Ba zan kunna ba."

Nuzha ta same shi yana naɗe igiya, idonta cike da ƙwalla.

"Yau ɗaya na roƙe ka, Marwan. Kishi ne ya sa ka kunyata ni a gaban Baba?"

Ya dube ta. "Kukan yaro a ƙasa ya fi min sauƙi, Nuzha."

Abin haushi, ba a jima ba iskar ta kwanta luf. Ko ganye bai sake motsi ba har aka watse. Baƙi suka tafi suna cewa yaron matsoraci ne.

Daga nan waya ta yi shiru. Nuzha tana zuwa makaranta tana dawowa, abinci ba ɗanɗano. In ta ga gajimare ya taru a kan teku sai ta ga hasumiya a cikinsa. Jawad yana aiko da furanni, tana saka su a ruwa don kada ta ɗauki alhakinsu.

Wata safiya mahaifinta ya ce ta raka shi tashar jiragen ruwa. Suka tsaya a gaban shuɗɗan kwale-kwale, masunta na gaishe shi.

"Akwai ranar da na hana jirgina fita," ya ce, idonsa a kan ruwa. "Ban yarda da iskar ba. Teku ya wuni lumui kamar faranti, kowa ya dawo da kifi, yaran jirgina suka koma gida hannu wofi. A tashar nan aka sa min suna kaza."

"Ashe kuskure ka yi, Baba?"

"Wa ya sani? Mai tsoron iska ba ya da shaida, 'yata. In ya yi daidai, ba abin da ake gani." Ya gyara hularsa. "Ranar bikin nan ni ma ina kallon dabinon. Jikana na ciki, amma na yi shiru don kunyar mai masauki. Shi yaron ya san ni yake so ya burge, kuma ya kashe injin."

Nuzha ta juyo ta dube shi, ya ci gaba da magana.

"Ki ce ya turo magabatansa. Na duba igiyoyinsa lokacin da ake cin abinci. Ƙullinsa ba laifi, amma akwai wanda zan koya masa."

Ta ɗauko waya ta rubuta: "Mai Turaku, na yi gaggawa. Ka yafe min."

Amsa ta zo kafin ta mayar da wayar jaka. "Ai sunanki ke nan. Ban yi fushi ba, Gazalata, kewa ce kawai ta hana ni numfashi. Ina kike?"

"Ina tasha. Baba ya ce ka zo da igiya."

Da kaka aka ɗaura aure. Jawad ya zo ya yi musu murna, ya ce ba abin da ya fi ƙarfin rabo. Aka yi wa amarya lalle, aka ɗaga ta a kan kujerar amare ana guɗa, fararen kayanta na walƙiya. Marwan ya miƙa mata dabino, ta miƙa masa madara, suna kallon juna kamar su kaɗai ne a garin.

Rayis Buzid ya taso da sandarsa ya kama hannayensu ya haɗa. Ya dubi ango. Ya sassauta muryar nan da ta saba tsawatar wa teku.

"Na ba ka ita, ɗana. Ka riƙe ta yadda kake riƙe 'ya'yan mutane. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Gidan ya amsa da amin. Nuzha ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan lallenta, Marwan ya matse yatsunta a hankali bai saki ba.