Wanda Ya Ceci Tiur

Tiur na kwance a kwalekwale tana amayar da ruwan gishiri lokacin da malamarta Rosnidar ta duba tulun iskar da ta yi nutso da shi. Cike yake. Duk da haka, a can ƙasa, tsakiyar darasin nutso mai zurfi, iska ta ɗauke wa ɗalibar. Da ba don Zulfan ba, tsohon malamin nutso da suke kira Bang, wato yaya, da gawa za su mayar gaɓar Iboih.

"Makunnin ne ba ki buɗe sosai ba, ƙanwata," Zulfan ya ce wa Rosnidar, a gaban kowa. "Mantuwa ce, kowa na yi."

Irin wannan mantuwa lasisin koyarwa take ci. Makunnin tulun da aka ɗan buɗe yakan ba da iska a sama, sai an yi zurfi ya shaƙe mutum. Rosnidar kuwa ta san da hannunta ta murɗa shi har ƙarshe. Wani ya mayar da shi.

Ta fara bincike da Ismuha mai cika tuluna.

"Kak Ros," ya ce, yadda suke kiran babbar yaya, "ni a rufe nake ba da su. Kuma ina gaɓa kuka tafi."

Gaskiyarsa. Sai dattijo Pak Dollah, matuƙin kwalekwalen, wanda shan kofi bai taɓa hana shi ganin komai ba.

"Ni da tulu? Injin nan kaɗai ya ishe ni masifa. Zulfan ne ya ɗaga wa yarinyar kayanta kafin ta faɗa ruwa."

Rosnidar ta ƙi yarda. Zulfan ne ya koya mata nutso tun ba ta iya share ruwa daga gilashin fuska ba. Ta je wurin Tiur a asibiti.

"Da iska ta ɗauke, me kika yi?"

"Na yi masa alamar, hannu a wuya."

"Ya miƙo miki abin shaƙarsa na ko-ta-kwana?"

"A'a. Bayana ya zagaya. Kawai sai na ji iska ta dawo."

Ta sami Zulfan a bayan makarantar nutso yana wanke kaya.

"Bang, in ɗalibi ya yi alamar ba iska, me ake fara yi?"

Ya yi dariya. "Jarrabawa ce? A ba shi abin shaƙa."

"Kullum?"

"Kullum. Bincike sai ya samu numfashi."

"To me ya kai ka bayan Tiur? Ba ka dubi agogon iskarta ba, ba ka ba ta naka ba. Kai tsaye makunni ka nufa. Wanda ya rufe ne kaɗai zai san a rufe yake."

Ruwa na ta zuba daga tiyo, bai kashe ba.

"Ina kusa da ita, Ros. Ba zan bari ta mutu ba."

"Ni kake so in mutu a sana'ar."

"Darasin zurfi nawa ne tun kafin ki iya iyo. Yanzu kowa ya zo, ke yake tambaya."

Ta so ta ji haushi, amma baƙin ciki ne ya zo, mai nauyi. Ta ciro waya ta kira ofishin 'yan sandan garin Sabang.

"Ƙanwata," ya ce a hankali.

"Sunana Rosnidar. Kashe ruwan, Bang, suna hanya."